Cinikin Biri a Sama: Gem ɗin da Ake Bugawa a Gidajenmu



A gidan ɗan kasuwa, waya ita ce rumfa, ita ce asusu, ita ce littafin bashi. Da ita ake turo hoton kaya daga Kantin Kwari, da ita ake sallamar direba a Kwatano, da ita ake gaida tsohuwa a gida ranar Juma'a. To a cikin wannan wayar, ko a tsohuwar da aka bar wa yara, an buɗe wata kasuwa wadda yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Ina nufin wasannin bidiyo, waɗanda yaro da babba ke kira gem.

Mu manya suna ɗaya muka yi musu duka. Da mun ga yaro ya duƙufa a kan waya sai mu ce “gem yake yi”, daga nan ko dai mu ƙwace, ko mu kau da kai. Alhali ba haka muke yi wa kaya ba. Wane ɗan kasuwa ne zai sari buhu bai kwance bakinsa ba? Wa zai biya kuɗin dila bai san shadda ce a ciki ko yadi ba? Wannan ai cinikin biri a sama ne, kuma shi muke yi da abin da ke cin sa'o'in 'ya'yanmu da na yaran shagonmu kullum.

Shi ya sa a 'yan watannin nan, cikin zirga-zirgata tsakanin Kumasi, inda nake zaune da iyali, da Lome da Kwatano da Kano, na riƙa tambayar yara da samari da iyaye mata da abokan sana'a: me kuke bugawa, me ya sa kuke sonsa, nawa yake ci? Abin da na tarar shi ne gem iri-iri ne kamar kayan kasuwa. Akwai nagari, akwai na ɓata lokaci, akwai kuma wanda guba ce aka naɗe a takardar alewa.

Ƙwallo ce ke kan gaba

Idan ka leƙa gidan gem a Aboabo ta Kumasi, ko a Nima ta Akra, ko a Fagge, abin da zai fara dukan kunnenka shi ne ihun “ya ci!” Gidan gem ɗaki ne ko kwantena, da talabijin biyu ko uku, da PlayStation, da benci, da janareta a gefe yana jiran a ɗauke wuta. Wasa-wasa ake biya, kuma a wurare da dama ƙa'idar ita ce wanda aka ci shi ke biya.

Wasanni biyu ne suka riƙe wurin. Na farko shi ne wanda har gobe ake kira FIFA, duk da cewa kamfanin EA na Amurka ya raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, kuma tun 2023 sunan wasan ya koma EA Sports FC. Na biyu shi ne na kamfanin Konami na Japan, wanda muka sani da PES, aka canza masa suna zuwa eFootball a 2021, aka kuma mayar da shi na saukewa kyauta. Musun magoya bayansu ba ya ƙarewa. 'Yan FC suna cewa nasu ya fi yawan ƙungiyoyi da riguna na ainihi. 'Yan eFootball suna cewa nasu ya fi kama da ƙwallon gaske, gudu kaɗai ba ya ba ka nasara, sai ka iya raba ƙwallo.

Wanda wayarsa ba ta da ƙarfi kuwa, Dream League Soccer yake komawa, na wani kamfanin Ingila mai suna First Touch Games. Daɗinsa shi ne kai ke raɗa wa ƙungiyarka suna. Na ga Kano Pillars a wayar wani yaro a Lome, na ga Kotoko a Sabon Gari, kuma burin kowa ya tara 'yan wasa irin su Osimhen da Kudus da Onana a ƙungiya ɗaya.

Iyaye sun fi sakin jiki da ƙwallo. Tana da farko tana da ƙarshe, cikin minti goma an tashi, kuma babu jini. Ƙorafinsu a wani wuri yake. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce min shi ƙwallon ba ta dame shi ba, bencin ne ya dame shi: wa ke zaune kusa da jikansa, me ake sha a ƙofar, kuma daga ina canjin da ake biya yake fitowa? Ya ƙara da cewa a wasu gidajen gem ɗin samari kan aza kuɗi a kan wasa, wanda ya ci ya kwashe. Daga nan kuwa an bar wasa.

Masu harbi, waɗanda ba a tsayar da su

Daga ƙwallo sai harbi, kuma a nan ne kan jama'a ya fi rabuwa. Sunaye uku za ka riƙa ji: Free Fire, PUBG Mobile da Call of Duty Mobile. Salon da ya fi shahara a cikinsu kusan iri ɗaya ne. Ana zubo 'yan wasa daga jirgin sama, kowa ya nemi makami, filin yana ta tsukewa, wanda ya rage a ƙarshe shi ne gwani. A PUBG mutum 100 ake zubowa, kuma wasa ɗaya yakan kai rabin awa. A Free Fire mutum 50 ne, cikin kamar minti goma zuwa sha biyar an gama.

Free Fire na kamfanin Garena ne na ƙasar Singafo. Ya fito a 2017, kuma a 2019 babu wasan waya da aka sauke a duniya kamarsa. Dalilin karɓuwarsa a zango a fili yake: don ƙananan wayoyi aka yi shi. Irin Itel da Tecno ɗin da wasunmu ke sayarwa a rumfa suna ɗaukarsa. PUBG Mobile ya fito a 2018, Call of Duty Mobile a 2019, kuma sun fi son waya mai ƙarfi da sabis mai kyau. Har wani ɗan fariya ya shiga tsakani. 'Yan PUBG da Call of Duty suna yi wa Free Fire kallon wasan yara, 'yan Free Fire kuma suna cewa ai nasu ne na talaka, kowa ya samu shiga.

Ga abin da ya kamata uba da ubangida su sani. Waɗannan wasannin da mutane na gaske ake buga su, kai tsaye, yawanci huɗu-huɗu a ƙungiya. Babu maɓallin da za a danna su tsaya. Idan ka kira yaro ya ce “ina zuwa” har sau uku, abin da ke riƙe shi shi ne in ya fita ya bar abokansa uku a tsakiyar wuta, kuma matsayin da ya yi makonni yana tarawa zai ragu. Wannan ba uzuri ba ne, amma sanin sa yana nuna maka inda za ka sa doka. Wani abokina mai sayar da takalma a kasuwar Dantokpa ya ce min, “Alhaji, mai saye ya yi sallama sau biyu, yaron nan iyafis na kunnensa. Mutumin ya wuce rumfar gaba ya sayi ƙafa shida.” Bai kori yaron ba, bai kuma fasa wayar ba. Doka ɗaya ya kafa: ba a fara wasan harbi sai an rufe shago. Hanyar da ta fi ita ce a hana farawa, don tsayar da shi a tsakiya rigima ce kullum.

Iyaye mata kuwa abu biyu suka fi ambata min: yawan bindiga a idon ƙaramin yaro, da kuma muryoyin baƙin da ke fitowa daga wayar. Suna da gaskiya a kan na biyun musamman. Ana hira da murya a cikin wasan, kuma idan ba a rufe ba, yaro ɗan shekara tara yana iya faɗawa ƙungiya ɗaya da ƙato mai zagi, ko mai neman lambar wayarsa.

Zumuncin da ke bi ta yatsa

Sai dai fa akwai wani gefen da ba za a yi adalci ba in ba a faɗe shi ba. Ɗana na biyu a Kumasi aka haife shi. Hausarsa ta zango ce, a cakuɗe da Turanci da yaren Asante. A da in mun je Kano, sai ya maƙale a bayan mahaifiyarsa, don 'yan uwansa suna yi masa dariyar yadda yake magana. Yanzu ƙungiyarsu ɗaya da 'ya'yan ƙanwata biyu da ke Kano, da wani ɗan uwansu a Maraɗi. Da Hausa suke ihu, da Hausa suke faɗa, da Hausa suke shiryawa. Kwanaki shi ya zo ya ce min, “Baba, ka kira Gwaggo, ƙaramin ɗanta ba shi da lafiya.” Ya riga ni jin labarin gida.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma har gobe hakan ne. Amma mu da boda ta raba da dangi mun san akwai lokacin da ƙafar ba ta da hanya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Gana ta rufe nata a Maris ɗin 2020 saboda korona, ba ta buɗe ba sai Maris ɗin 2022. A waɗancan shekarun gidaje da yawa sun koyi buga ludo ta waya, uwa a Akra, 'yarta a Katsina.

A nan akwai wani ɗan lissafi da iyaye kan manta. Gana da Togo suna bayan Najeriya da Nijar da Benin da Kamaru da Cadi da awa ɗaya. Idan ka bar yaronka a Kumasi ya kai ƙarfe 11 na dare yana wasa, ɗan uwansa na Kano ya kai 12, kuma gobe shi ma makaranta zai je. Dokar lokaci sai an haɗa baki da 'yan uwa na can, in ba haka ba ka gyara gidanka ka ɓata na ƙanwarka.

Manya ma ba a bar su a baya ba

Kada mu yi ta nuna yara da yatsa. Wanda ya riƙe Nokia 3310 ya san macijin nan da ke cin ƙwaya yana ƙara tsawo, kuma ya san daren da ya raba a kansa. Yau ma ka je bodar Aflawo ko ta Seme, ka dubi direbobi da yaran mota da ke jiran a sallami takardu. Rabin kawunan a sunkuye suke.

Ludo King, na kamfanin Gametion na Indiya, wanda ya fito a 2016, shi ne na kowa da kowa. Mutum huɗu suna iya zagaye waya ɗaya ba tare da data ba, ko kuma a buɗe ɗaki a tura wa ɗan uwa lamba ya shigo daga wata ƙasa. Ra'ayin da na fi ji a kansa shi ne zargi: duk wanda aka ci sai ya rantse ɗan ludon yana son kai, ba ya ba shi shida. Candy Crush kuwa, wanda ya fito a 2012, ya fi farin jini a wurin iyaye mata da masu zaman rumfa. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Lome ta ce min shi ne abokin zamanta idan kasuwa ta yi sanyi, kuma daɗinsa shi ne da mai saye ya zo sai ta kife wayar, babu abin da ya ɓaci. Ka ga bambancinsa da wasan harbi ke nan. Haka Subway Surfers da Temple Run, waɗanda gudu ne kawai da tsalle, su ake miƙa wa ƙananan yara don su yi shiru a mota.

Na ƙanana, da wanda ba nasu ba

A gidajen da yara ke makarantun boko na birni, sunaye biyu suna ƙara shigowa. Minecraft wasan gini ne, kamar a ba yaro bulo marar ƙarewa a ce ya gina gari. Daga ƙasar Suwidin ya fito, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Malaman makarantar da na zanta da su ba su da ƙorafi a kansa. Roblox kuwa kasuwa ce guda, cike da wasannin da jama'a suka ƙirƙira da kansu, nagari da na banza a haɗe, ga kuma hira da baƙi. Shi yana buƙatar ido, kuma yana da wurin da iyaye ke taƙaita hirar.

Akwai kuma GTA, wanda yara ke kira wasan mota. San Andreas ya fito tun 2004, GTA V a 2013, kuma masu tura fina-finai da waƙoƙi a bakin kasuwa sukan zuba wa yaro shi a waya. Mota tana ciki, gaskiya ne. Amma labarin na 'yan fashi ne, da kisa, da miyagun ƙwayoyi, da wuraren da ba za ka so ɗanka ya leƙa ba ko a hoto. Alamar shekara 18 ce a jikinsa. Kowane wasa a Play Store yana da irin wannan alamar a ƙarƙashin sunansa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Dubawa ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Idan kyauta ne, ina ribar take?

Yanzu bari mu yi maganar da ta fi kusa da sana'armu. Yawancin wasannin nan kyauta ake sauke su. To banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2023 Microsoft ya biya kusan dala biliyan 69 ya sayi kamfanin da ke da Call of Duty da Candy Crush. Babu mai zuba irin wannan jarin don sadaka. Kyautar ɗanɗano ce, irin wanda mai kilishi ke miƙa maka.

Hanya uku ribar ke fitowa. Ta farko talla ce: ka kalli tallar daƙiƙa talatin a ba ka ƙarin rai, datarka ta tafi. Ta biyu sayar da lokaci. A Candy Crush rai biyar ake ba ka, kowanne in ya tafi sai bayan minti 30 yake dawowa, sai dai in za ka biya. Ta uku sayar da kwalliya da 'yan wasa, ta hanyar kuɗin cikin gem: dayamon a Free Fire, UC a PUBG, Robux a Roblox, kwabbai a wasannin ƙwallo. Hikimar canza sunan kuɗi ɗan kasuwa zai gane ta nan take. Yaro ba ya jin ya kashe sidi ko sefa ko naira, dayamon yake ganin ya kashe.

Mafi hatsari a ciki shi ne akwatin sa'a. Ka biya, a juya maka, ko ka samu rigar da kake so ko fitaccen ɗan wasa, ko ka samu tarkace, sai ka sake biya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan da ake saye da kuɗi caca ne. A Amurka kuma, a Disambar 2022, kamfanin Epic mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 don a mayar wa mutanen da aka cire wa kuɗi a kan sayayyar da ba su yi niyya ba.

Mu hatsarinmu ya fi na Bature, don asusun shago a cikin waya yake. Wani maƙwabcina ya tashi turo kuɗin sari, sai ya ga lissafi bai cika ba. Da aka bi sawu, ɗansa ne ɗan shekara goma sha biyu. Ya haddace lambar sirrin tun yana tsaye a bayan uban a rumfa, yana ta tura kaɗan-kaɗan ga wani mai sayar da kuɗin gem, har ya kai kuɗin turmi huɗu. Yaron da aka titsiye shi cewa ya yi, “Baba, ai kowa a ƙungiyarmu yana da rigar, ni kaɗai ne ba ni da ita.” Ɗan hakin da ka raina ke nan. Akwai kuma 'yan damfara da ke tallar dayamon kyauta a Facebook da WhatsApp, su ce a turo lambar sirri ko lambar da aka aiko ta saƙo. Duk wanda ya tura, asusun ya tafi.

Cacar da ta sa rigar gem

Akwai wanda ma bai cancanci a kira shi gem ba, amma samari suna sa shi a layi ɗaya. Shi ne na ƙaramin jirgin nan, Aviator, wanda ya fito a 2019, ake samunsa a shafukan caca. Ka aza kuɗi, jirgi ya tashi, lamba tana hawa, in ka cire kafin ya ɓace ka ci, in ya riga ka kuɗinka sun tafi. Zagaye ɗaya 'yan daƙiƙu ne, don haka cinikin yini guda yana iya narkewa kafin a kira la'asar. Babu gwaninta a ciki, babu dabara, kuma masu sayar da manhajar da wai ke hango inda jirgin zai tsaya su ma nasu cin suke yi. An tsara lissafin ne yadda mai gidan caca zai fita da riba, komai daren daɗewa. Hukuncin caca a addininmu ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ke buƙatar bayani shi ne cewa yaron shagonka yana iya yin ta a gabanka, kai kana zaton gem ne.

Yaushe wasa ke zama ciwo?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem a cikin jerin cututtukanta a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamomi uku ta bayar: mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya danne sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Ta ce yawanci sai abin ya ɗauki kamar shekara guda ake kiransa ciwo, kuma kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan. Don haka ba duk yaron da ke son gem ne marar lafiya ba. Ƙasar Sin kuwa, wadda ke da manyan kamfanonin gem, ta kafa doka a 2021 cewa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai za su yi a wasannin intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Masu kayan da kansu sun auna wa 'ya'yansu da mudu.

Malaman Islamiyyar da na tambaya ma'auninsu mai sauƙi ne: a dubi salla, a dubi hadda, a dubi barci. Yaron da ke tashi asuba, yana kawo haddarsa, yana cin abinci tare da mutane, wasansa wasa ne. Wanda ke gyangyaɗi a aji, yana ɓoye waya a ƙarƙashin filo, yana hasala in an taɓa ta, shi ne ake zama da shi tun icen yana ɗanye.

Samari kuma suna da tasu hujjar. Sukan ce ai ana cin kuɗi da gem. Gaskiya ne, gasar duniya ta Free Fire da aka yi a Singafo a 2021 dala miliyan 2 aka raba. Amma kamar ƙwallo ce: miliyoyi ke bugawa, 'yan ƙalilan ke ci da ita. Wanda yake son sana'a a wannan fagen, ya dubi masu ƙera wasan. A Yawunde akwai kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba, wanda ya fitar da wasan Aurion a 2016. A Gana akwai Leti Arts tun 2009, a Legas akwai Maliyo Games tun 2012. 'Yan Afirka ne suka zauna suka koyi zane da rubuta manhaja. Yaron da ya iya dara, ya san labarin Gizo da Ƙoƙi, ya kuma iya Hausa da Faransanci ko Turanci, yana da hajar da zai kai wannan kasuwar in an nuna masa hanya.

A kwance bakin buhu

Wanda ke yin makonni a kan hanya ba zai iya gadin waya ba, kuma barin duk nauyin a kan uwargida ba adalci ba ne. Abin da zai yiwu shi ne kafin ka ɗaura kaya, ka zauna da yaron ka ce ya nuna maka abin da yake bugawa. Za ka yi mamakin yadda zai saki baki, don ba a saba tambayarsa ba. Tambaya huɗu ta isa. Ana iya tsayar da shi in an kira salla ko an aike ka? Da wa kake magana a ciki, 'yan uwa ne ko baƙi? Me yake sayarwa, kuma ka taɓa saye? Shekara nawa aka rubuta a jikinsa?

Bayan nan sai a raba wayar kuɗi da wayar wasa, ko da ta wasan tsohuwa ce mai fasasshen gilashi. A canza lambar sirri, kada kuma a riƙa danna ta a gaban yara. A Play Store akwai inda ake sa wa a nemi izini kafin kowace sayayya. Akwai kuma manhajar Family Link ta Google, wadda ke ba uba damar ƙayyade sa'o'i da rufe wayar yaro da dare, ko da shi yana Duwala yaron yana Kumasi, muddin akwai intanet. Duk mai gyaran waya a kasuwa zai iya saita maka. A yaron shago kuwa, a faɗa masa dokar tun ranar da ya fara aiki, kamar yadda ake faɗa masa farashi da wanda ba a ba bashi.

Wanda ya ga ɗansa yana buga ƙwallo da ɗan uwansa na gida ranar Asabar, ya bar su, har ma ya karɓi wayar ya gwada, a ci shi a yi dariya. Wanda ya ga ƙaramin jirgi yana tashi a fuskar wayar yaronsa, kada ya bari a kwana bai yi magana ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana dukiya, Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai matafiya gida lafiya. Amin.